Ranar da Na Zama Badung

Ranar Talata, ana yayyafi tun asuba, na aske gemun da na shekara uku ina tarairaya. Wani dattijo, Baba Mwadkon, ke neman direba a unguwar Daɗin Kowa, abokaina na unguwar Ali Kazaure kuma sun rantse ba zai taɓa ɗaukar Bahaushe ba.

Na cusa hulata a aljihu, na ari wandon jins, na tafi. A ƙofar gidan na tarar da wani saurayi cikin kaftani da hula, shi ma aikin yake nema. Har tausayi ya ba ni.

Baba Mwadkon ya fito ya dube ni. "Sunanka?"

"Badung, oga," na ce, na ari sunan 'yan ƙabilarsu.

Ya yatsine fuska. "Yaranmu? A'a! Ku da burkutu. Bahaushe nake so, ba ya sha, ga sammako." Ya miƙa wa mai kaftani makulli. "Malam Lukuman, zo ka gwada."

Na zaro hula ina rantsuwa. "Wallahi Baba, sunana Jabir!"

"Ka gani? Tun da sassafe har ka sha."

Ina tsaye bakin titi Lukuman ya fito da motar, ya sauke gilashi yana dariya. "Yi haƙuri ɗan'uwa, ni ne Badung na gaskiya. Kaftanin maƙwabcina ne."

Abin da na rasa ranar: gemu ɗaya, aiki ɗaya, da hula ɗaya da ta faɗa kwata. Sai kuma sunana, don yanzu har Ummata Badung take kirana.