Yarinyar da Ke Bayan Wakili

Rosemary ta tsaya a kan 'yarta Rita kamar mai jiran tuwo ya nuna. Hotunan samartakar mijinta Wakili ne a kwamfuta, waɗanda aka yi wa sikanin a wani shago a unguwar Gudu saboda bikin cikar aurensu shekara talatin. Mai shagon ya wuce gona da iri, in aka buɗe hoto har ƙudan da ke kan mangwaro ana gani.

Nan gizo ke saƙar. A tsofaffin hotunan, Wakili kullum a gefe yake, kamar mai ɗaukar bai iya aikinsa ba, bayansa kuma dishi-dishi. Yanzu kuwa ga wata yarinya ta fito sarai. A filin ƙwallo tana bayan raga. A kasuwar doya tana leƙe ta bayan buhu. Har a ƙofar coci tana nan, wushirya a waje, ta zuba masa ido ko kunya babu.

Duk unguwarsu ta Jikwoyi an haddace labarin Rosemary, cewa sai da takalmin Wakili ya ƙare da zarya kafin ta ɗaga kai ta dube shi. Da shi take koya wa 'yammatan coci jan aji. In dangi suka ga yarinyar nan, ta kaɗe har ganyenta.

Sai ta ce, hannu a baki, a tausaya wa mutane, data ta yi tsada, a rage girman hotunan kafin a tura wa dangi. Rita ta zaɓe su duka, ta rage su a bugu ɗaya. Uwar ta ce a ƙara. Aka yi ta ƙarawa har Wakili ya koma tsinken ashana, yarinyar ta zama ɗigo. Sannan Rosemary ta sa aka goge manyan, ta yi ajiyar zuciya.

Da yamma Wakili ya juya wayarsa, ya kawo kusa, ya kai nesa, ya ɓata rai.

"Maman Rita, kun lalata min hotuna."

"Haba, Baban Rita, ba ga ka nan ba?"

"Wa ke ta tawa? Sai da na yi ta roƙon mai hoto ya riƙa karkata, don ki fito da wushiryar nan taki."