Kaset ɗin Salmanu

“Danna jan maɓallin,” in ji Inna Mero.

’Yarta Dije ta riƙe rikodar tana jinkiri. “Inna, kaset ɗaya gare mu. In muka ɗauka a kai, maganar Yaya Salmanu za ta goge.”

“Ta goge mana. In yana so in ji muryarsa, ya zo da bakinsa.”

Shekara uku ke nan Salmanu yana Madani. Ba ya zuwa, sai dai ya ba Gado mai lori kaset ya kawo ƙauyensu kusa da garin Suki, su amsa a kai, a mayar masa.

Inna ta matso da bakinta, ta fara. Birni ya cinye mata ɗa. An tsinke auduga sau uku babu shi. Yanzu uwa sai ta zauna gaban akwati kamar mai jiran labarai? Ba ta tsaya ba sai da ta cika gaba da baya.

Ran kasuwa Gado ya iso. Ta miƙa masa kaset ɗin, bai karɓa ba. Ya durƙusa, ya ce mota ce ta buge Salmanu a bakin titi, an yi masa sutura shekaranjiya.

Da masu gaisuwa suka watse, Inna ta ce a hankali, “Dije, kunna mini shi in ji.”

Dije ta kunna. Muryar Inna ta cika ɗakin, tana faɗa.