Sai Pan Bogumil Ya Ɗaga Hannu

Ruwan ya kai wa Lucyna ƙirji, numfashinta ya sarƙe, amma ta yi murmushi, don Danuta na kallonta.

A hunturun nan babu abin da ake yayi a garin Olecko, can ƙasashen sanyi, kamar shiga ƙanƙara. Duk Lahadi da an tashi coci sai a nufi tafki da zarto, a yanke ƙanƙarar da ta rufe shi, a buɗe rami mai faɗin ɗaki. Mutane da hankalinsu su tuɓe su shiga, daga su sai kayan wanka da hula da safar hannu. Wai yana maganin mura, wai yana hana tsufa. In za a faɗi gaskiya, hoto ake zuwa ɗauka.

Lucyna baƙuwa ce a garin. Tun da ta kama aiki a kantin magani ita kaɗai take cin abincin rana, abokan aikinta suna gefe suna shewa a kan Lahadin da ta wuce. Kaɗaici ya ishe ta. In ka je gari ka ga kowa da wutsiya, ai sai ka nemi tsumma ka ɗaura. Ta roƙi shugabar kantin, Pani Danuta, wato Malama Danuta a yarensu, ta zo da ita.

Dokar 'Yan Ƙanƙara ɗaya ce. Pan Bogumil, wato Malam Bogumil, tsohon sojan ruwan da ya kafa ƙungiyar, shi ke fara shiga tun sauran na tsalle-tsallen ɗumama jiki a gaɓa. Yakan je can ƙarshen ramin, ya ɗora hannuwa a bakin ƙanƙara, ya kwantar da haɓa a kansu, ya ba kowa baya. Ba ya magana, ba a kuma matsawa kusa da shi. Sai ya ɗaga hannu ake fita. Wanda ya jure har lokacin, a ba shi jar hula. Wanda ya riga hannun fita ya zama ɗan shayi: shi da riƙon filas a gaɓa har sanyi ya wuce, kuma ba ya shiga hoto.

Makon jiya Lucyna ta riga hannun fita. Da kyar Danuta ta roƙa aka ƙara mata dama ɗaya.

"Kar ki ba ni kunya, Lucynka," Danuta ta ce mata da sunan lele, suna tuɓewa. "Yau ma kin yi sa'a, tsohon ba zai daɗe ba. Tun a mota yake kukan ƙwannafi, wai kabejin matarsa ne."

Da farko ruwan cizo yake kamar allurai. Jajayen huluna sun yi da'ira, ana ta barkwanci don kar a ji karar haƙora.

"Kai, yau tsoho da shirinsa ya zo!" in ji Czeslaw mahauci. "So yake ya ga wa zai fara kiran uwarsa."

Aka kwashe da dariya. Wani hankaka ya sauka a kan ƙanƙara dab da gwiwar hannun Pan Bogumil, yana ta karkata kai.

"Ku duba, har tsuntsaye sun san shi," in ji Danuta.

A hankali dariyar ta ƙafe. Cizon ya daina, karkarwar jikin Lucyna ma ta lafa, wani barci mai daɗi ya fara jan idonta. Ta san ma'anar wannan, ba a banza take sayar da magani ba. Tsoro ya kama ta, tsoro na gaske.

"Jama'a, yau fa abin ya wuce ƙa'ida!" wani ɗan shayi ya ƙwala daga gaɓa.

"Kai dai riƙe filas ɗinka," in ji Czeslaw. Harshensa ya yi nauyi kamar na mashayi, leɓɓansa sun koma shuɗaye.

Kowa na satar kallon na kusa da shi, kowa na addu'ar wani ya fara karaya. Ba wanda ya motsa. Ana barin halal don kunya, su kuwa ransu suke shirin bari.

"Pani Danuta," Lucyna ta yi raɗa, "ba na jin ƙafafuna."

"To wa ke jin nasa? Yi murmushi, ana ɗaukar mu hoto."

Tsanin fita na nan kusa, in ta miƙa hannu za ta taɓa shi. Ta dube shi, ta tuna teburin da take cin abinci ita kaɗai, ta kawar da kai. Sai dabara ta zo mata. Ba za ta fita ba, tsohon za ta je ta roƙa a asirce.

Ta fara jan ƙafafun da kamar aro ta yi su.

"Ke! Ina za ki?" Danuta ta ce da ƙaramar murya. "Ba a zuwa wurinsa!"

Ba ta waiga ba. Tana matsowa hankakan ya tashi sama da kuka. Ta kama bakin ƙanƙara a gefen tsohon, ta kai baki kusa da kunnensa.

"Pan Bogumil, don girman Allah ka ɗaga hannu. Mutuwa za mu yi. Ba wanda zai san ni na roƙe ka."

Shiru. Ta leƙa fuskarsa, ta daɗe tana kallo, sannan ta juyo. Sauran suna nan tsaye yadda ta bar su, kowa da murmushinsa, kowa ya zuba wa hannun nan ido.

Tururi na fita daga kowane baki a cikin ramin, ban da na mutumin da suke jira, wanda ƙanƙara ta riga ta daskare a kan idanunsa da ke buɗe.