Ranar da Baba Ya Manta Gaisuwa

Ina sakandare na samu horon hutun bazara a ɗakin binciken ƙwayoyin halitta. Sai Babbar Sallah ta faɗo ranar ciyar da ƙwayoyin da nake reno. Ina jin nauyin faɗa, amma da Baba ya ji sai ya ɗauki makullin mota.

"Tashi mu je, ai ba za su jira a gama suya ba."

Da muka isa, na zura safar roba kan lallena, malamarmu ta bar shi ya leƙa madubin ƙara girman ƙwayoyi. Ƙwayoyin zuciya ne, suna bugawa. Ya ture hularsa, ya daɗe sunkuye.

"Ke kika raine su?"

"Ni ce, Baba."

Da muka shiga gidan amininsa a garin Bowie, tun daga ƙofa ya soma labarin. Har yau ban sake ganin ya manta gaisuwa ba.