Taken Mahaucin Ƙarshe

Tanimu Mai Kalangu dai ba gwanin zumunci ba ne. Tun da aka daina yanka dabba, kowa ya koma cin naman da ake haɗawa a masana'anta, bai ƙara leƙa gidan mahauci ba.

Sai ga ƙaramar hukuma ta sabunta ƙa'idar tallafi: ba ƙungiyar makaɗan da za a ba komai sai an ga wanda ake yi wa kiɗan ya amsa kiɗansa. Kalangu kuwa na mahauta ne, kuma mahauci ɗaya ya rage a garin, Baba Jatau. In bai amsa ba, a rufe ƙungiyar su Tanimu, a kai ganguna gidan tarihi.

Tanimu ya rataya kalangu, ya tasa Malama Talatu ta sashen al'adu a gaba, ita da na'urarta mai tantance ko an amsa kiɗa.

"In bai motsa ba fa?" in ji ta.

"Ranki ya daɗe, ko a kabari yake sai ya motsa."

Suka tarar da tsohon a zaure yana wasa wuƙar da ba ta da abin yankawa. Tanimu ya matse kalangu a hammata, ya saki taken mahauta har gumi ya jiƙa masa riga. Baba Jatau ya ƙura masa ido, ya miƙe da ƙyar, ya ɗaga wuƙa sama.

"Ɗan banza, sai yau?"

Na'ura ta kawo koren haske. Malama Talatu ta share ƙwalla, ta ce an amince.

Baba Jatau kuwa ya kurmance tun bara waccan.