Likkafani a Cinyar Inna

Ranar da kakana ya rasu a Illela, babana yana Ƙonni, ƙetaren iyaka. An gama wanka, amma kakata Inna ta rungume likkafanin ta hana. Ina jingine da ita, ƙamshin kafur ya cika min hanci.

Ƙanin babana ya durƙusa. "Inna, liman ya ce ba a ajiye gawa."

"Gaggawar mi? Ku jira yaron nan."

Baba ɗan farinta ne, don kunya ko zancensa ba ta yi, sai ranar.

Duk babur ɗin da ya wuce sai ta ɗaga kai. Da aka kira la'asar, ta miƙa likkafanin da hannunta. Baba ya iso ana dawowa da makara wayam.

Har yau in na ji kafur, sai in kasa kunne ko zan ji ƙarar babur.