Waken da Ya Tsiro a Firji

Akwai dokokin halitta da ba su taɓa karyewa ba tun da aka kafa duniya. Uku daga cikinsu sun karye ranar Litinin a gidan malamin kimiyya, biyu a kan taga, ɗaya a firji kusa da sauran miyar jiya.

Shekararsa biyu yana koyarwa a matsayin wucin gadi. Ranar Alhamis mai duba makarantu zai zo ya zauna a bayan aji, kuma abin da ya rubuta shi zai sa a tabbatar da malam a aiki ko a yi masa godiya. Don haka ya zaɓi darasin da ya fi iyawa, ƙwayar iri. Ido rufe yana iya ɓare wake ya nuna fatar da ke kare shi, da ɗan hujin da ruwa ke shiga, da ɓari biyun da ke riƙe da guzuri, da ɗan tsiron da ke kwance a tsakaninsu yana jiran ranarsa.

Da yake ɓerayen makaranta sun fi ɗalibai sha'awar gwaji, a gida ya haɗa kwalabensa huɗu, kowacce da wake a ciki. Ta farko auduga jiƙaƙƙa. Ta biyu auduga busasshiya. Ta uku ruwan da aka tafasa ya huce, da mai a sama don kada iska ta shiga. Ta huɗu a firji. Littafi ya ce ta farko kaɗai za ta tsiro.

A wajen cin abinci ya shaida wa matarsa da Innarsa, wadda ta zo jinyar gwiwa, cewa aikinsa na cikin kwalaben nan. Matar ta ce to a matsar da ta firji daga jikin nama. Inna ta dubi kwalaben, ta dube shi, ta ci gaba da cin abincinta. Dama ba ta sa baki a harkar masu ilimi.

Da ya dawo daga aiki ranar Litinin, duka huɗun sun fitar da saiwa fara sol. Ya taɓa audugar ta biyu, a bushe take ƙamas. Na cikin firji ma ya fi sauran ƙoshin lafiya.

Nan take zarginsa ya sauka kan malamin lissafi, wanda ya zo gaisuwa ranar Asabar ba gaira ba dalili, kuma ƙanin matar malamin lissafin na zawarcin wannan kujerar. Malam ya wanke kwalabe, ya sayo wake a wani shago daban, ya sake haɗawa, ya ce wa matarsa ko uban wa ya zo kada ya wuce baranda. Kwana biyu yana amsa gaisuwar malamin lissafi da ka.

Ranar Laraba da yamma duka huɗun sun sake tsirowa, da saiwar da ta ɗan girmi kwana biyu.

A nan ne malam ya fara duban littafin da wani ido. Wanda ya rubuta shi ai mutum ne. Ya tsaya gaban madubi yana gwada yadda zai amsa tambayoyin 'yan jarida cikin tawali'u. Sai ya tuna gobe ba 'yan jarida ne za su zo ba, mai duba makarantu ne.

Darasin ya tafi lafiya har zuwa ɓari biyu da ɗan tsiro. Daga nan babu makawa, ya jera kwalabe a kan tebur, yana shirin bayanin da shi kansa bai san ƙarshensa ba. Mai duba makarantu, wanda ya shafe rabin darasin yana nazari da idanu a rufe, ya taso ya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya.

"Shekara ashirin ina yawon makarantu," ya ce, "kullum kwalba ɗaya ce ke tsirowa a cikin huɗu. Yau na ga malami mai kula da aikinsa."

Malam ya buɗe baki don ya kare mutuncin kimiyya, ya tuna yana da iyali, ya rufe. Aka tabbatar da shi.

Ya dawo gida da wuri don ya kawo albishir. A ƙofar kicin ya ji muryar Inna ƙasa-ƙasa tana magana da matarsa.

"Ki rufa masa asiri, 'yar nan, kada ya ji kunya. Shekara goma sha shida ana kai shi makaranta, ya zo ya shuka wake a firji. Wani kuma ko ɗigon ruwa bai ba shi ba."

Sau biyu, in ji ta, tana tsirar da nata a jiƙaƙƙen tsumma a ƙarƙashin gado tana musanyawa in ya tafi aiki, kuma akwai sauran guda tara, ko mai dubawar zai dawo.